Milisakan 16: Abin da Mai Sa Motsi a Shafin Intanet Zai Sani Kafin Ya Zaɓi Manhaja

Ranar 12 ga Janairun 2021 kamfanin Adobe ya rufe Flash Player, manhajar da ke kunna motsi da wasanni a shafukan intanet, ya hana ta buɗe kowane fayil. Wasanni da katun da shafuka masu motsi da mutane suka kwashe shekara ashirin da ɗoriya suna ginawa suka koma farin fili. Duk lokacin da wani ya tambaye ni wace manhaja zai koya don ya riƙa sa motsi a shafukan intanet, wannan ranar ce ke fara faɗo mini a rai, domin a zamanin da Flash ke tashe babu mai kawo wa ransa cewa za ta mutu.

Asalinta wata ƙaramar manhajar zane ce mai suna FutureSplash Animator da ta fito a 1996. Macromedia ya saye ta a shekarar ya raɗa mata Flash, Adobe kuma ya saye Macromedia ɗungurungum a 2005. A wancan lokacin, in kana son rubutu ya yi shawagi ko hoto ya narke ya koma wani, da wuya ka sami mafitar da ta wuce ta. Sai iPhone ta fito a 2007 ba tare da ita ba. A Afrilun 2010 Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple mai ƙera iPhone a lokacin, ya fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa yana zayyana dalilansa: tana cin batir, tana da kafofin da masu kutse ke bi, an gina ta don linzamin kwamfuta ne ba don yatsa ba, sannan akalarta na hannun kamfani ɗaya. Wasu sun ce akwai lissafin kasuwa a ƙarƙashin maganar, kuma ban ƙi ba, amma hakan bai ƙaryata dalilan ba. A 2017 Adobe da kansa ya sanar da cewa ƙarshen 2020 ne wa'adinta. Wani ɓangare na ayyukan wancan zamani ana iya kallonsa yau ta hanyar Ruffle, manhajar da 'yan sa-kai suka rubuta don ta kwaikwayi Flash, wadda Internet Archive, ma'adanar tsofaffin shafukan intanet, ke amfani da ita.

Manhajar ta tafi, ƙwararrunta ba su tafi ba. Wanda ya san tsawon lokacin da ya kamata abu ya ɗauka kafin ya isa inda za shi, ya kuma san abin da ke wahalar da na'ura, bai daɗe ba ya koma sabon gida ya ci gaba da sana'arsa. GSAP ma, wadda a yau take sahun gaba a laburaren motsi (wato shiryayyen kod da masu gina shafi ke ɗauka su yi aiki da shi) na JavaScript, harshen da ake rubuta wa shafi umarni da shi, a cikin Flash aka haife ta. Jack Doyle ya fara rubuta ta ne don masu aiki da ActionScript, harshen kod na Flash, kafin ya mayar da ita JavaScript. Wanda kuwa iyakar saninsa shi ne ina maɓallin kaza yake a cikin manhajar, shi ya tashi a tutar babu. Saboda haka zan daɗe a kan abin da burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin Chrome da Firefox da Safari, ke yi a ɓoye kafin in zo kan sababbin kayan aiki.

Abin da ke faruwa cikin ƙiftawar ido

Babu abin da ke motsi a kan allo. Hotuna ne tsayayyu ake sauyawa da sauri har ido ya ɗauka tafiya ce, kowane ɗaya ana ce masa firam. Yawancin allunan waya da kwamfuta suna sabunta kansu sau 60 a sakan ɗaya. Sakan ɗaya milisakan 1000 ne; raba shi gida 60, ka sami milisakan 16.7. Iyakar lokacin da burauza take da shi ke nan don ta shirya firam na gaba, kuma allunan da ke sabuntawa sau 120 sun rage shi zuwa 8.3. In ta makara ko da kaɗan ne, sai a sake nuna tsohon firam, mai kallo ya ga abu yana tafiya yana cijewa.

A cikin wannan ɗan taƙin ayyuka biyar ke gabanta. Za ta gudanar da kod ɗin JavaScript da ke jira, ta duba wace ƙa'idar CSS, harshen da ke tsara kamannin shafi, ce ta shafi wane abu, ta auna shafin, wato ta lissafa faɗi da tsayi da mazaunin kowane akwati, ta shafa launi, daga ƙarshe ta ɗora fallayen da ta zana ɗaya kan ɗaya ta miƙa wa allo. Awo da shafa launi su ne masu nauyi. Ɗora fallaye kuwa GPU, ɓangaren na'ura mai kula da zane, yana yinsa ba tare da ya ji a jikinsa ba.

Masu katun na da sun san wannan dabara tun kafin a yi kwamfuta. Sukan zana daji ko ɗaki sau ɗaya, sannan su zana mutumin da zai yi tafiya a kan wani falle mai garau kamar gilashi, su ɗora a sama. In mutumin zai gusa, fallensa kawai ake taɓawa, ba a sake zana dajin. Haka burauza take so a yi mata. In ka ce ta gusar da akwati ta hanyar sauya left ko top ko margin, ko ta faɗaɗa shi da width, ka tilasta mata komawa awo a kowane firam, kuma sau da yawa ba akwatin kaɗai za ta auna ba, har da maƙwabtansa da suka matsa saboda shi. In kuwa ka yi amfani da transform wajen gusarwa da juyawa da ƙara girma, da opacity wajen ɓacewa da bayyana, fallen kawai za ta ɗaga ta matsar. A kwamfuta mai ƙarfi ido ba zai bambance hanyoyin biyu ba. A ƙaramar waya tazararsu ta sama da ƙasa ce.

Akwai fa'ida ta biyu da ba kowa ke lura da ita ba. JavaScript da awo da lissafin CSS duk layi ɗaya suke bi, babban layin aiki, kuma layi ne da ba ya ɗaukar aiki biyu a lokaci guda. In wani kod na talla ko na ƙidayar maziyarta ya tare shi na milisakan 200, duk motsin da JavaScript ke tuƙawa zai daskare na wannan tsawon. Amma motsin transform da opacity da aka rubuta a CSS, burauza kan miƙa shi ga wani layin dabam, sai ya ci gaba da tafiya sumul ko da babban layin ya cunkushe. Wannan ne babban dalilin da ya sa nake cewa a fara da CSS. Sauƙin rubutunsa ƙari ne kawai.

Sai dai a yi hattara da will-change. Umarni ne da ake sanar da burauza da shi cewa abu kaza zai motsa, don ta ware masa fallensa tun da wuri. Wasu da suka ji labarinsa sai su manna shi a kan komai. Kowane falle yana cin ma'adanar na'ura: fiksel ɗaya, wato ɗigo guda na hoton allo, bait huɗu ne, falle mai fiksel 1000 a tsaye da 1000 a kwance megabait huɗu ke nan, kuma allunan waya masu kaifi suna ninka fiksel sau biyu ko uku a kowane gefe. Ka ware talatin irinsa, wayar da kake son taimakawa ce za ta fara nishi. Sa shi a kan abin da ka tabbata zai motsa, ka cire in an gama. Inuwar akwati da dusasar da hoto ma suna da nauyi in ana sauya su firam bayan firam. In kana son inuwa ta ƙaru lokacin da aka taɓa kati, zana babbar inuwar tun farko a wani falle na bayansa, ka ɓoye ta, sai ka riƙa bayyana ta da opacity.

To, yaya za a yi in dole abu ya sauya mazauni na gaske, kamar kati ya bar jerinsa ya buɗe ya cika allo? Paul Lewis, lokacin yana Google, ya yaɗa wata dabara a 2015 da ya kira FLIP. Ka auna inda abin yake. Ka kai shi inda zai ƙare nan take, ka sake aunawa. Ka sa transform ya mayar da shi baya a ido, kamar bai taɓa gusawa ba. Sai ka saki transform ɗin ya warware a hankali. An gama duk awon tun kafin tafiya ta fara, abin da ya rage ɗaga falle ne. Laburare da dama da ake yabawa kan sauya mazauni cikin laushi, in ka leƙa cikinsu wannan dabarar za ka tarar.

Na taɓa gina shafin farko na wani aiki da hotuna masu shawagi a baya da rubutu mai fitowa harafi-harafi. A kwamfutata abin ya yi kyau, wanda ya ba ni aikin ma ya yaba. Da muka buɗe a wata tsohuwar waya, sai da aka jira kafin maɓallin farko ya amsa taɓawa, wayar kuma ta ɗau zafi a hannu. Abin ya dame ni sosai, domin irin masu wannan wayar aka gina wa shafin. Tun daga lokacin ba na cewa na gama sai na gwada a mafi raunin wayar da zan iya samu. Chrome yana da wurin da za ka rage ƙarfin kwamfutarka sau huɗu ko sau shida, a ɓangaren Performance na DevTools, kayan binciken da ya tanadar wa masu gina shafi, ka naɗi motsin ka ga firam nawa suka makara. Yana taimakawa, amma bai kai waya a hannu ba. Google ma ya sa saurin amsa taɓawa cikin ma'aunan lafiyar shafi: tun Maris ɗin 2024 ma'aunin INP, mai auna saurin amsar shafi ga taɓawa, ya maye gurbin tsohon ma'auni mai suna FID, kuma sai amsa ta zo cikin milisakan 200 ake cewa ta yi kyau.

Lokaci da lanƙwasa

Motsi na iya tafiya sumul amma ya gundiri mutum. Nan maganar ta bar hannun injiniya ta koma hannun mai ido. Jakob Nielsen ya yaɗa wani ma'auni a 1993, wanda ya ɗauko daga binciken da aka yi tun shekarun 1960: in na'ura ta amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, mutum yana jin kamar hannunsa ne ya yi abin, in ta kai sakan ɗaya ya san ana jira, amma tunaninsa bai yanke ba, a sakan goma hankalinsa ya tafi wani wuri. A nawa aikin, ƙaramin abu kamar maɓalli milisakan 100 zuwa 200 ya ishe shi, babban abu kamar jerin zaɓi mai zamewa daga gefe 250 zuwa 350. Abin da ya wuce rabin sakan sai da hujja mai ƙarfi. Kai sau ɗaya ka kalle shi ka ji daɗi, mai amfani da shafin kuwa wataƙila sau hamsin zai buɗe wannan jerin a yini.

Babu abin da ke tashi da cikakken gudu ya kuma tsaya cak da shi. Ƙofa, mota, hannu, kowanne yana farawa a hankali ko ya ƙare a hankali. Frank Thomas da Ollie Johnston, tsofaffin masu zanen katun na Disney, sun sa wannan cikin ƙa'idoji goma sha biyu da suka wallafa a 1981. A CSS ana bayyana shi da cubic-bezier, lanƙwasar lissafi mai ɗauke da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa wanda ya yi amfani da ita wajen fasalta jikin mota. Ni ga yadda nake rabawa: abin da ke shigowa ya shigo da sauri ya sassauta a ƙarshe, don mutum ya ga an amsa masa. Abin da ke fita ya fi shigowarsa sauri, tunda an gama da shi. Gudu bai-ɗaya kuwa a bar wa alamar jira mai juyawa.

Akwai gwajin da nake yi wa kowane motsi: in katse shi a tsakiya. Danna buɗe, kafin ya gama danna rufe. Mai kyau zai juya daga inda yake. Mara kyau zai yi tsalle zuwa ƙarshe, ko ya yi kunnen uwar shegu da dannawa ta biyu sai ya gama nasa. A CSS transition, wato sauyi daga wani hali zuwa wani, ya iya juyawa da kansa, keyframes kuwa, wato motsin da aka tsara masa matakai tun farko, sai da wahala. Motsin da aka gina a kan lissafin sifirin, wato ƙarfen nan mai miƙewa ya koma, ya fi su duka a nan, domin yana riƙe gudun da abin yake kai lokacin da aka juya shi, shi ya sa jan kati da yatsa a sake shi yake zama kamar abu na gaske.

Kafin duk wannan, tambayi kanka me motsin ke gaya wa mai kallo. Ko dai yana nuna daga ina abu ya fito da inda ya koma, ko yana tabbatar da cewa an ji dannawarka, ko yana cewa ana aiki, a ɗan jira. In bai faɗi komai ba kwalliya ce, kuma ban hana kwalliya ba, amma ta biya kuɗin sabulu. Data da batir da lokacin mai karatu ne ake kashewa a kanta.

Sababbin kayan aiki

In za a tambaye ni sabon kayan aikin da ya fi muhimmanci a 'yan shekarun nan, zan ce burauzar ce da kanta. Web Animations API, wanda ke ba JavaScript damar tuƙa injin motsin da CSS ke amfani da shi, ya fara shiga Chrome a 2014, Firefox a 2016, Safari a 2020. A Maris ɗin 2023 Chrome 111 ya kawo View Transitions: burauza ta ɗauki hoton shafi kafin sauyi, ta ɗauki na bayan sauyi, ta narkar da ɗaya cikin ɗaya, kuma duk abin da ka ba suna iri ɗaya a ɓangarorin biyu za ta ɗauke shi daga tsohon mazauni zuwa sabo. A 2024 abin ya kai ga aiki tsakanin shafuka biyu dabam, Safari 18 ma ya karɓi tsarin. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Shekara da shekaru mutane suna ɗora wa shafukansu tarin JavaScript, suna mayar da su manhaja mai shafi ɗaya, kuma cikin dalilan akwai son sauyi daga shafi zuwa shafi ya yi laushi. Yanzu 'yan layukan CSS sun isa. A Yulin 2023 kuma Chrome 115 ya kawo motsin da ke bin jan shafi, ta yadda sandar da ke nuna inda karatu ya kai, ko hoton da ke bayyana in ka iso kansa, ba sa buƙatar kod mai sauraron kowane gungurawa. Burauzoji ba sa karɓar sabon abu rana ɗaya, don haka a duba wace ta karɓa kafin a dogara da shi.

Shin laburare sun ƙare ke nan? A'a. Da zarar motsi ya zama labari, abu goma suna shigowa da tsari, wannan ya jira wancan, a iya tsayarwa a mayar baya a ƙara sauri, CSS yakan zama wahala. Nan GSAP ta fi kowa a wurina, saboda jadawalin lokacinta da kuma ScrollTrigger da ta fito da shi a 2020. Kamfanin Webflow ya saye ta a Oktoban 2024, a 2025 kuma ya sake ta kyauta duka, har da ƙarin kayan da a da sai mai biya. Labari ne mai daɗi, amma ka karanta lasisin da kanka, domin na kamfanin ne, ba irin lasisin MIT ba da kowa ke iya yin yadda ya so. Masu aiki da React, laburaren gina shafuka, sun saba da Framer Motion ta Matt Perry, wadda a 2024 ta tsaya da ƙafarta da sunan Motion, tana kuma aiki ba tare da React ba. Ƙarfinta shi ne sifirin da sauya mazauni da kuma fitar abu daga shafi cikin tsari. Anime.js ta Julian Garnier ƙarama ce mai sauƙin karatu, an sake gina ta a siga ta 4 a 2025. Ka zaɓi ɗaya ka san ta ciki da bai. Na sha ganin shafi ɗauke da laburare biyu ko uku na motsi saboda an kwafo misalai daga wurare dabam-dabam, kowanne kuma sai mai karatu ya sauke shi.

Zanen da mai zane ya yi da hannunsa hanyarsa dabam ce. Lottie, wadda Airbnb ya fitar a 2017, ta ginu ne a kan Bodymovin na Hernan Torrisi, ƙarin manhajar da ke fitar da aikin After Effects, manhajar Adobe ta haɗa zane mai motsi, a matsayin fayil ɗin bayanai na rubutu da ake kira JSON. Sunan ya samo asali daga Lotte Reiniger, Bajamushiyar da ta shahara da katun na inuwar takarda. Lottie ta warware tsohuwar rigima tsakanin mai zane da mai kod, domin abin da aka zana shi ke fitowa, ba sai wani ya sake gina shi da hannu ba. Amma ba duk dabarun After Effects take ɗauka ba, mai kunna ta kansa kod ne mai nauyi da za a sauke, kuma zane mai layuka da yawa yana iya cika babban layin aiki. Don alama guda mai juyawa, SVG, zanen da ake rubutawa da kod, da CSS sun fi ta sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da ya ƙara mini natsuwa da ita shi ne a 2024 an kafa ƙungiya ƙarƙashin Linux Foundation don rubuta ƙa'idar fayil ɗin a fili, wato abin da Flash ta rasa a aikace. Rive kuwa tunaninta ya sha bamban. Mai zane yana gina yanayi-yanayi a cikin fayil ɗin kansa, ga yadda abu yake in ana jira, ga yadda yake in an taɓa shi, in an yi nasara, in an yi kuskure, mai kod kuma ya riƙa sanar da shi wane yanayi ake ciki. Ga zanen da ke amsa wa mutum, tsari ne mai kyau ƙwarai. Masu kunna fayil ɗin a buɗe suke, editan kuwa na kamfanin ne, don haka ka ajiye asalin zanenka a wurin da kake da iko da shi.

GIF ba ya buƙatar dogon bayani. CompuServe ya ƙirƙiro shi a 1987, launi 256 kawai yake ɗauka a firam, kuma fayil ɗinsa yakan ninka na bidiyo mai tsawo ɗaya sau da yawa. Ɗan gajeren MP4 ko WebM mara sauti ya fi shi ta kowace fuska. Zane mai tsayi da faɗi da zurfi (3D) kuma, Three.js da Ricardo Cabello ya fara a 2010 ita ce ƙofar da yawancin mutane ke bi zuwa WebGL, fasahar da ke ba shafi damar yin zane da GPU, ga kuma sabuwar irinta WebGPU da ya shiga Chrome 113 a 2023. In kana nuna kaya da mai saye ke son juyawa ya duba, ya dace. In don bangon shafi ya riƙa walƙiya ne, batir ɗin wani kake ƙonawa.

Abu guda da ba na sassauci a kansa shi ne ƙwace jan shafi daga hannun mai karatu. Mutum ya ja yatsa kaɗan shafin ya tafi da nisa, ko ya ja da ƙarfi shafin ya ƙi tafiya sai wani zane ya gama wasansa. Hannunsa ya san yadda wayarsa ke amsawa, a bar masa abinsa. Motsi ya bi jan shafi, kada ya mallake shi.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira yanzu suna rubuta kod ɗin motsi cikin sakanni, kuma ina amfani da su, musamman wajen fitar da siga uku ko huɗu in kwatanta. Abin da suka bayar yakan yi aiki, sai dai aiki dabam, dacewa dabam. Nakan duba ko sun motsa width ko top a inda transform zai yi, ko sun haɗa tsohon salon rubuta laburare da sabo, ko sun bar motsi yana gudana bayan abin ya bar allo. Wanda bai san labarin milisakan 16 ba ba zai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, zai ga dai abu yana motsi a kwamfutarsa ya tura.

Waɗanda motsi ke cutarwa

Wannan ɓangaren ne aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi taɓa ni. Da Apple ya fitar da iOS 7 a 2013 da bango mai gusawa da manhajoji masu zuƙowa su cika allo, mutane da yawa suka koka da jiri da tashin zuciya. Masu larurar cikin kunne, ɓangaren da ke riƙe daidaiton jiki, idonsu yana ce musu ana tafiya alhali jiki a zaune yake, kuma wannan saɓanin yana iya kwantar da mutum. Shi ya sa wayoyi da kwamfutoci suke da saitin rage motsi, burauza kuma tana isar da zaɓin mutum ga shafi ta hanyar prefers-reduced-motion, wanda Safari ya fara karɓa a 2017. Mutumin ya riga ya faɗi buƙatarsa, saura kai ka saurara. Ba sai ka kashe komai ba. Babban zamewa da zuƙowa da juyawa ka mayar da su bayyana mai laushi a wuri ɗaya, amsar maɓalli kuwa ta ci gaba da zama.

Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa intanet ga masu buƙata ta musamman sun yi magana ƙarara: abin da ya fara motsi da kansa, ya wuce sakan biyar, yana kuma tare da wani abin karantawa, dole a ba mutum hanyar tsayar da shi. Kada kuma abu ya yi walƙiya fiye da sau uku a sakan ɗaya, sai in walƙiyar ba ta kai iyakar da aka gindaya ba. Wannan ta biyun maganar rai ce. A Disambar 1997 wani shirin katun a talabijin ɗin Japan ya nuna walƙiyar ja da shuɗi na 'yan sakanni, aka kai mutum sama da 600 asibiti, yawancinsu yara, wasu da farfaɗiya.

Akwai kuma wata cutarwar da ke samun kowa, mai lafiya da mara lafiya. Salon nan da ya cika ko'ina, inda rubutu ke ɓoye sai ka iso kansa ya bayyana, yawanci ana gina shi ne da sa opacity a sifili tun a CSS, ana jiran JavaScript ya zo ya buɗe. In sabis ya yi rauni fayil ɗin bai sauko ba, ko wani kuskure ya tsayar da kod ɗin, mai karatu zai yi ta jan farin fili alhali rubutun yana nan a ƙasa. Juya tsarin. Rubutu ya kasance a bayyane tun farko, JavaScript ne zai ɓoye shi bayan ya tabbata ya sauko kuma yana aiki. In kuma da sababbin dabarun CSS na bin jan shafi kake yi, kulle su cikin @supports, umarnin da ke duba ko burauza ta san dabara, yadda burauzar da ba ta san su ba za ta nuna shafin a tsaye cikakke. Sannan kafin ka miƙa aikin, kashe JavaScript a burauzarka, kunna saitin rage motsi a wayarka, ka karanta shafin daga sama har ƙasa.